Lasin tirela ba ya ɗaga kaya

Direbobin tirela da yawa a Apapa da Agege, cikin Legas, na son komawa tuƙin motar ƙugiya, wadda ake kira kiren, saboda ta fi kawo kuɗi. Sai dai wasu na zaton lasin da ke aljihunsu ya wadatar. Bai wadatar ba.

Lasin hukumar kiyaye haɗura ta FRSC, na shekara 3 ko 5, izinin tuƙi ne kawai, kuma aji-aji ne. Ajin B na ƙananan motoci ne, G na tirela, H na motocin tonon ƙasa. Kafin ka biya ko kwabo, ɗauki takardun motar ka je ofishin lasin su faɗa maka ajin da ya dace da ita. A Legas kuma mai tuƙi don neman abinci sai ya riƙe katin LASDRI, cibiyar horar da direbobi ta jihar, ana sabunta shi duk shekara, motar ma sai da takardar lafiya daga VIS, hukumar duba lafiyar motoci.

Duk waɗannan iyakarsu su kai ka wurin aiki. Ɗaga kaya yana ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne. Nan ake neman shaidar horon mai sarrafa injin, da ta binciken injin kansa. A ƙa'idar sana'ar, sarƙoƙi da igiyoyi duk wata 6 ake duba su, kiren kuwa duk wata 12.

Idan aikin zai ci wani ɓangare na titi, a sanar da LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, tun kafin ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙafafun nan huɗu na ƙarfe da ake fitarwa daga gefen kiren su tokare ƙasa lokacin ɗaga kaya. Ƙasar Lekki da Ajah yashi ce da cike, ga kwatami a rufe da siminti a gefen titi. Ƙafa ɗaya ta sauka kan murfin kwata, nauyi ya juyo wajenta, sai ta burma, motar ta kife. A fitar da ƙafafun gaba ɗaya, a shimfiɗa katako mai kauri ko farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowace. Sannan a karanta jadawalin nauyi, domin kiren mai tan 50 ba ya ɗaga tan 50 sai kayan na dab da shi, da hannun da ke ɗauke da ƙugiyar ya miƙa nesa ƙarfin ya ragu sosai.

Wayar wuta kuwa ba sai an taɓa ta ba, tana iya tsallakowa. A bar aƙalla mita 3, mutum ɗaya tak ya riƙa ba da alama. Kafin a koma titi a naɗe hannun, a ɗaure ƙugiyar, a san tsayin motar saboda gadojin masu tafiya a ƙasa na titin Ikorodu.