Layi ɗaya da ban rubuta a fstab ba

Har yanzu idan na tuna safiyar da abokan aikina suka fara kirana suna cewa jadawalin tarurrukansu ya koma baya da kwana tara, sai raina ya ɓaci, domin laifin nawa ne, kuma abin da ya jawo shi bai wuce layi ɗaya ba.

Sabarmu ta Nextcloud, manhajar da muke raba fayiloli da ajiye kalanda a kanta, tana ajiye bayananta a MariaDB, wato manhajar rumbun bayanai, a cikin kundin /var/lib/mysql, kan ɓangaren faifan da manhajar Linux take zaune, kuma ɓangaren ya kusa cika. Na ware sabon ɓangare, na saka Nextcloud a yanayin gyara da occ maintenance:mode --on, na tsayar da MariaDB, na kwafe komai da rsync -a domin mallakar fayiloli da izininsu su tafi yadda suke. Don kada in taɓa saitin datadir, wanda yake nuna wa MariaDB inda bayananta suke, sai na ɗora sabon ɓangaren kai tsaye a kan /var/lib/mysql da umarnin mount, wato duk wanda ya buɗe wurin sabon ɓangaren zai gani, abin da yake can a da ya ɓuya a ƙarƙashi. Komai ya tashi lafiya. Tsoffin fayilolin kuwa na bar su a ƙarƙashi, da niyyar in goge su idan hankalina ya kwanta, kuma a lokacin ina ganin hakan taka-tsantsan ne.

Ɗorawar da aka yi da hannu ba ta tsallake sake kunna na'ura, wannan kowa ya sani, ni ma na sani, amma ban rubuta ta a /etc/fstab ba, fayil ɗin da Linux take dubawa don sanin ɓangarorin da za ta ɗora idan an kunna na'ura. Bayan kwana tara aka sabunta manhaja, aka sake kunna sabar da asuba. Sabon ɓangaren bai hau ba, MariaDB ta duba /var/lib/mysql, ta tarar da cikakken rumbun bayanai mai lafiya, wato tsohon da na ajiye, ta tashi a kansa ba tare da wani saƙon kuskure ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini ciwo. Da na bar wurin fanko, da MariaDB ta ƙi tashi, da na gyara cikin minti biyar. Sai ga shi mutane sun shafe kusan awa huɗu suna aiki a kan tsohon rumbu, suna raba fayiloli, suna saka tarurruka, kafin wani ya lura.

Na wayi gari da rumbu biyu, kowanne yana ɗauke da abin da ɗayan ba shi da shi, kuma lambobin da suka ba sababbin bayanai sun ci karo da juna, saboda haka haɗa su kai tsaye ba zai yiwu ba. Na ɗauki kwafin kowanne da mysqldump, na koma kan sabon rumbun, mai ɗauke da aikin kwana taran nan. Fayilolin da aka loda da safen suna nan a kan faifai, kuma occ files:scan --all ya dawo da su cikin jeri. Amma izinin rabawa da abubuwan kalanda a rumbun kaɗai suke zaune, don haka sai da na bi teburin oc_share da na oc_calendarobjects layi bayan layi, ina tambayar mutane abin da suka yi, har dare ya raba.

Yanzu na rubuta layin a fstab da UUID, wato lambar shaidar ɓangaren, da umarnin blkid ya ba ni, domin sunaye irin /dev/sdb1 suna iya sauyawa, kuma ban saka nofail ba, zaɓin da yake barin na'ura ta tashi ko da ɓangaren bai hau ba. Na ƙara RequiresMountsFor=/var/lib/mysql a saitin MariaDB na systemd, mai kula da tayar da manhajoji a Linux, ta yadda MariaDB ba za ta tashi ba sai ɓangaren ya hau. Tsoffin fayilolin na kwashe su zuwa wani wuri da wani suna, na bar wurin ɗorawar fanko, na kulle shi da chattr +i don kada a iya rubuta komai a ciki idan ɓangaren bai hau ba. Sannan na sake kunna sabar da gangan a daren, ina zaune a gabanta, na duba findmnt da idona don in ga ɓangaren ya hau, gwajin da ya kamata in yi tun ranar farko kafin in sanar da kowa cewa aiki ya kammala.