Robar Tiyub Ba Bushin Sitiyari Ba Ce

Wani yaro a garejin da ke maƙwabtaka da namu, ta wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ya samu aikin irin 'yan motocin gudun nan masu kujera biyu da ake shigo da su a wargaje a haɗa. Sitiyarinta na rawa sama da ƙasa. Na tarar ya yanko robar tiyub, ga baƙin salatif a gefe, zai naɗe sandar sitiyarin ya cusa a madadin bushi, wato zoben da ke riƙe sandar a cikin bututunta don kada ta yi rawa. Na ce, "Kai yaro, ajiye wannan." Ya ce, "Oga, ai haka kowa ke yi."

Bai yi ƙarya ba, ni ma haka na daɗe ina yi. Kuma ina da hujjata: bushin babu a kasuwa, mai mota yana tsaye a kanka yana son kayarsa kafin la'asar. Aikin yana riƙewa kuwa, mai mota ya tafi yana sa albarka. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne zafin Kano. A watan Afrilu, mota ta wuni a rana, gam ɗin salatif ya narke, robar ta tattare ta shaƙe sandar. Sitiyari ya yi tauri, ka sha kwana ya ƙi dawowa tsakiya da kansa. Rawa tana ba da haushi ne kawai, taurin nan kuwa shi ke kai mutum cikin kwalbati. Da aka dawo da ƙorafi sai na ɗura baƙin mai don ya saki, alhali mai da giris na fetur kumbura roba suke yi. Na ƙara wa Borno dawaki.

Mafi muni shi ne guduma. Nakan daki kan sandar don sitiyari ya fito. Yawancin sandunan nan gida biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an yi su ne don su shige juna idan an yi karo, kada su soki ƙirjin direba. Duka yana karya abin da ke riƙe su, sai sabuwar rawa ta ɓullo, wani ma ya bi wurin da walda. To, wa ya faɗa mana a lokacin? Ogana ma da guduma ya koya min. Amma dai ni na daka.

Kafin ka kwance komai, gano inda rawar take. Idan sitiyari na motsi sama da ƙasa ko gefe da gefe, bushi ne, ko notocin da suka ɗaure bututun a jikin mota. Duba notocin tukuna. Idan kana murzawa taya ba ta amsa nan take, wannan kuros ne (gaɓar da ke haɗa sandar da ƙasa) ko rak (ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyi hagu da dama) ko tayarod (ƙarfen da ke haɗa rak da taya), canza bushi ba zai yi komai ba.

Miƙar da tayoyi, cire kan batir saboda wayar hon. Sa alamar fenti a mahaɗar sanda da kuros. Sassauta babban notin sitiyari amma bar shi a kan zare biyu ko uku, don kada ya fizgo ya fasa maka baki, sannan ka ciro da fula, ƙarfen nan na jawo sitiyari. Bol ɗin da ya matse kuros sai an zare shi gaba ɗaya, domin a cikin wani gurbi na sandar yake kwance. Motocin da suka ari sandar Ford Sierra bushinsu na ƙasa filastik ne zaune cikin roba a bangon da ya raba inji da direba. Irin na motar Triumph kuma roba ce mai 'yan kunnuwa da ke faɗawa cikin hudojin bututun. Danna kunnuwan ciki, tsohon ya fito. Goge bututun, shafa sandar da yatsa. Idan ta ci ta yi zobe, sabon bushi ma ba zai daɗe ba. Shafa wa sabon ruwan sabulu, tura shi da guntun fayif daidai faɗinsa har kunnuwan su zauna. Ciki kuma giris na silikon, ɗan kaɗan.

Idan ba a samu na asali ba, kai wa masu injin feƙe ƙarfe su fitar maka daga Delrin, wani filastik mai ƙwari, a bar sarari kamar milimita 0.1. Ban ce nailan ba, domin yana shan danshi, da damina sai ya kumbura ya matse. Awo kuwa da kalifa, ma'aunin kaurin ƙarfe, ake yi, ba da ido ba, kodayake yaran yanzu sun fi son ɗaukar bidiyon aikin da auna shi.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma biyu ne. Kada ku yi wa sitiyari dabara. Na san dabara ce ke ciyar da bakanike a garin nan, feƙe Delrin ɗin ma ai dabara ce, kuma idan mota ta tsaya muku a hanyar Zariya ku yi abin da zai kawo ta gida, amma ku gaya wa mai ita gaskiya. Na biyu, ku ɗaga gaba da jak ku murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kafin ku miƙa makulli. Idan ya cije ko a wuri ɗaya ne, a sake kwancewa, ko da mai motar zai kwana a tsaye.