Boris a firiza, kesin inji a kan gawayi

A Suame Magazine, nan Kumasi, in ka tsaya kusa da rumfar masu gyaran babur, abin da zai fara cika maka kunne shi ne ƙarar guduma. Da ita yara da yawa suke kora boris, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da sandar inji take juyawa a ciki, zuwa cikin kesin inji, kuma yana shiga. Sai dai ɓarnar ba ta nuna kanta a ranar. Bayan 'yan watanni injin zai fara kuka daga ƙasa, mai babur ya ɗora laifin a kan kayan da ya saya, alhali duka ne ya lotsa hanyar da 'ya'yan boris suke bi, ko ya kankare ramin har ya yi faɗi. Wannan abu yana ci mini rai, domin yawancin masu baburan nan da su suke ci da iyali. Shi ya sa da na sauke injin babur ɗina a tsakar gidanmu a Aboabo, na ƙudura cewa guduma ba za ta taɓa sababbin boris ɗin karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ba.

Da gangan masu ƙera inji suke yin ramin ya ɗan fi boris ƙunci. Kesin na alminiyam ne, boris kuwa ƙarfe ne, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe idan ya ji zafi. Da daidai wa daida aka yi su, inji na ɗaukar zafi sai boris ya kama juyawa a cikin mazauninsa. To wannan halin nasu shi ne mafitar mai gyara a gida: a sanyaya na shiga ya tsuke, a ɗumama na karɓa ya buɗe.

Firizar gidanmu ta sana'ar uwargida ce, sobolo, wato zoɓo, da ƙanƙara take sayarwa. Da ta ga na nufo da kayan sai ta ce, "Maigida, ƙarfen inji a cikin abin da mutane ke sha?" Tana da gaskiya. Na ƙulle kowane boris a leda biyu, na matse iskar ciki, na saka su a roba mai murfi, sannan ta ba ni lungun ƙasa suka kwana. Na zaɓi daren da ba a ɗauke wutar lantarki ba, don firizar da dumsor, wato ɗauke wuta, ya ratsa ba ta riƙe sanyin da ake nema.

Lissafin shi ne ya fi ba ni mamaki. Ƙarfe yana tsukewa da kusan kashi 12 cikin miliyan a kowane digiri ɗaya. Boris ɗina mai lamba 6205 ne, faɗinsa ta waje milimita 52. Firiza mai lafiya tana kai digiri 18 ƙasa da sifili, tsakar gida kuma tana wajen 30, tazarar ta zama 48 ke nan. In ka buga, abin da kwana a firiza ya rage wa boris bai wuce milimita 0.03 ba, ko kaurin gashin kai bai kai ba. Shi kuwa alminiyam kashi 23 yake buɗewa. Na kai kesin digiri 100, ramin ya ƙaru da kusan milimita 0.08. Ashe wuta ce take yin mafi yawan aikin, sanyi taimako yake kawowa. Wanda ya dogara da firiza kaɗai zai ga boris ya shiga rabi ya cije, daga nan hannunsa ya koma kan guduma.

Wajen ɗumamawa kurfoti, wato murhun gawayi, na yi amfani da shi. Na wanke kesin tas, na bar shi ya bushe har warin fetur ya fita, na cire tsofaffin robobin tare mai, na ɗora faffaɗan ƙarfe a kan garwashi, sannan na kifa kesin a kai ina juya shi don zafin ya game ko'ina. Ban yarda da wutar masu walda ba. Tana gasa wuri ɗaya kesin ya karkace, ga shi alminiyam ba ya yin ja ya gargaɗe ka kafin ya narke a digiri 660. Ma'aunina ɗigon ruwa ne: in na ɗiga ya yi cuu ya ƙafe nan take, an kai ɗari, ya isa.

Sauran aikin duk na sauri ne. Boris ƙaramin abu ne, yana taɓa alminiyam mai zafi ya fara buɗewa cikin 'yan daƙiƙu. Don haka komai na jere kafin a buɗe firiza: katako biyu da kesin zai zauna a kai, safar hannu mai kauri, da guntun bututu wanda bakinsa ya yi daidai da zoben waje na boris. Ƙanena ya kawo robar da gudu, na yage ledar, na daidaita shi a bakin ramin na sake. Ya faɗa da kansa, na ji ƙas ya taɓa ƙasa. Na biyun sai da na ɗan danna da bututun, da tafin hannu kawai. Ƙarfin dannawa a kan zoben waje yake sauka, ba ya bi ta cikin 'ya'yan.

Akwai abin da garinmu ya ƙara wa wannan aiki, wato laima. Da damina iskar Kumasi a jiƙe take, ƙarfe mai sanyi yana fitowa raɓa ta lulluɓe shi ya yi fari. Shi ya sa ledar ba ta buɗuwa sai lokacin sakawa, kuma da kesin ya huce na zuba baƙin mai sabo a cikin boris ɗin na juya shi da yatsa, don kada tsatsa ta samu wurin zama. Robar tare mai ita ce ta ƙarshe, bayan komai ya huce, domin sanyi yana sandarar da ita, zafi kuma yana ƙona leɓenta. Idan kuma boris ne zai hau sandar karanshaf, sai a juya lamarin: sandar ta sha sanyi, boris ya ɗumama a cikin mai, kada ya wuce digiri 120.

Da na koma Magazine sayen gasket na ba wani dattijon makanike labari, na ce, "Baba, da zan samu busasshiyar ƙanƙara mai digiri 78 ƙasa da sifili, ai da ko wuta ban hura ba." Ya ce, "Ɗana, kafin ka nemi ƙarin sanyi, ka duba ramin tukuna." Ya ɗauko wani kesi ya nuna mini cikin ramin yana sheƙi da zane-zane a kewaye, alamar tsohon boris ya daɗe yana juyawa a ciki. Ya jefa sabo, babu wuta babu firiza, ya shige salin-alin. Irin wannan, in ji shi, sai dai a kai wa masu injin gurza ƙarfe su faɗaɗa ramin su dasa masa zobe, sannan a dawo maganar kurfoti da firiza.