Laraba, ni da takardar darussa

Yau na zauna na karanta jerin darussan da ake buƙata a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, abin da nake so in karanta tunda Allah ya ba ni bak. Na sauke na jami'o'i biyu a waya, ɗaya mai bin tsarin LMD (lisans, masta, dokta) irin namu, ɗaya ta Amurka, na kai wa mai fotokofi ya fitar min a takarda.

Namu a fili yake: lisans shekara 3, zango 6, kowane zango kiredi 30 (ma'aunin nauyin darussa ke nan), jimla 180. Na Amurka shekara 4 ne, kiredi wajen 120, don ƙidayarsu daban ce. Amma abin da ake nema kusan ɗaya ne. Kimiyyar siyasa, tarihin hulɗar ƙasashe, dokar ƙasa da ƙasa, tattalin arziki har kashi biyu, ƙididdiga da dabarun bincike, sai harshen waje. In an yi nisa mutum ya zaɓi yanki ko batu guda, kamar tsaro ko ciniki, ya rufe da sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, ko rubutun bincike.

Ƙididdiga da tattalin arzikin nan ne suka sa gabana ya faɗi. Ni 'yar seri A ce, tarihi da harshe ne ƙarfina.

Bayan la'asar Inna ta aike ni Kasuwar Dole, na biya shagon Kawu, wanda ya daɗe yana ɗauko kaya daga Kano. Na karanta masa jerin ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan tattalin arziki na ce shi ne ba na so, sai ya jawo littafinsa mai baƙin bango daga ƙarƙashin teburi. A saman kowane shafi, kafin sunan kaya ko na mai bashi, ya rubuta yadda aka canza naira da sefa a ranar.

"Ɗiyata," in ji shi, "wannan da kike gudu shi ya hana ni barci a 2023."

Gaskiyarsa. Na tuna yadda aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a nan Nijar: CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta, motocin kaya suka tsaya, shinkafa da magani suka yi tsada. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. Duk mun sha wannan a jikinmu, amma mu nawa ne za mu iya bayyana ta wace hanya shawarar da aka yanke a Abuja take isowa cikin tukunyar Inna? Ni dai ina so in iya, da hujja da lissafi, ba da labarin bakin titi ba.

Da daddare na sake duba darasin doka da na tarihi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da fita daga CEDEAO a Janairun 2024, fitar ba ta tabbata ba sai Janairun 2025, saboda yarjejeniyar ƙungiyar ta ce a ba da sanarwar shekara guda. Iyakar da Kawu ke ƙetarawa kuma Faransa da Ingila suka shata ta a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, har da dalilin Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Rijiya ce ta raba dangi ƙasa biyu! Tsibirin Lete ma da muka yi jayayya da Benin a kansa, Kotun Duniya ce ta ba Nijar a 2005, kuma da tsofaffin takardu aka ci shari'ar. Wani ne ya zauna ya karance su. Ina so a ce ɗiyar Damagaram na cikin masu irin wannan aiki.

Saura Ingilishi, wanda nawa bai wuce na lise ba. Kawu ya ce in hutu ya zo in je wajen Gwaggo a Kano in ƙaro. Lissafi kuwa, Inna ta yi wa Malam maƙwabcinmu magana, ya ce in zo da littafi gobe bayan azahar mu fara daga kaso cikin ɗari.