Kafin ka sayi hedifon na filana, auna kanka da ɗakinka

Ƙannena masu sha'awar sauti, in kun tara kuɗin hedifon irin na filana, wato mai shimfiɗaɗɗen tantani da sandunan maganaɗisu a lasifikarsa, ku fara duba nauyinsa kafin ku karanta yabon da ake yi wa sautinsa. Mu da muka riga ku shiga harkar sai da aljihu ya ji jiki muka gane haka, kuma ba na so ku sake biyan kuɗin wannan darasi. Sennheiser HD 600, wanda ba filana ba ne, giram 260 ne. HiFiMan Sundara giram 372, Edition XS ya ɗan haura 400, Audeze LCD-2 kuwa ya kusa 600, fiye da rabin kilo ke nan a bisa kai. Gwajin minti biyar ba ya tona wannan. Sai an yi kamar awa guda wuya zai fara ƙagewa, tsakar kai ta ɗau zafi, mutum ya shiga gyara zama. A watan Afrilu, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, rabin awa ma ta isa.

Nauyin daga ƙirar ya samo asali. Hedifon da aka saba da shi, wanda ake kira dainamik, ɗan naɗin waya ne manne a tsakiyar murfi mai motsi, da maganaɗisu guda. Shi kuwa filana tantani ne shimfiɗaɗɗe, wanda ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, an zana masa layukan ƙarfe mai ɗaukar lantarki, galibi alminiyum, aka jera sandunan maganaɗisu a gefensa ɗaya ko duka biyu. Lantarki na bin layukan, sai tantanin ya motsa gaba ɗayansa a lokaci guda. Shi ya sa bes ɗinsa, wato sauti mai kauri na ƙasa-ƙasa, ke sauka har wajen hats 20 (hats shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) ba tare da ya dagule ba, kuma kayan kiɗa ba sa cakuɗewa da juna. Ba sabuwar fasaha ba ce, Yamaha ta fitar da HP-1 tun 1976, sannan Audeze da HiFiMan suka farfaɗo da ita wajen 2009. Waɗannan sandunan maganaɗisu su ne wuyanka ke ɗauka, kuma mai su a gefe biyu ya fi nauyi.

Ba giram kaɗai ba, yadda aka raba shi a kai ma abin dubawa ne. Madaurin da ke da faffaɗan ɗamara ta fata ko yadi a ƙarƙashin bakan ƙarfe yana shimfiɗa nauyin ko'ina, mai siririn soso kuwa wuri ɗaya yake tara shi. In ka riga ka sayi mai siririn, kada ka jefar. Kai wa baduku ya ɗinka maka ɗamara mai faɗin santimita 4 zuwa 5 da lallausar fatar jan akuya, a rataya ta tsakanin hannuwan madaurin biyu yadda za ta taɓa kai kafin bakan ya taɓa. A Sakkwato, garin da ya yi suna da wannan fata, bai kamata a rasa mai yin wannan aiki ba. In matsi ne ya yi yawa, ɗora hedifon ɗin a kan jerin littattafai da suka ɗan fi kanka faɗi, ya kwana biyu ko uku. Bakan ƙarfe yana sakewa a hankali. Na roba kada ka tanƙwara shi da hannu, karyewa yake yi ba gargaɗi. Kuma ka cire hula kafin ka saita tsawonsa, don in ka saita da ita kofunan za su sauko ƙasa da kunne duk ranar da ka zauna ba hula.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda samari suka fi rainawa: matashin kunne, wato soson kofin da ke kewaye kunne. Rabin sautin filana a nan yake. Bes mai zurfin nan da ka biya kuɗi dominsa yana samuwa ne saboda iskar da ke tsakanin tantani da kunnenka a rufe take ruf. Da an samu 'yar kafa, ƙasan bes ɗin ya zube, wani lokaci ma sai wani kumburi ya taso a samansa, ka ji dum-dum marar tushe ka ɗauka haka hedifon ɗin yake. Hannun tabarau mai kauri yana buɗe wannan kafa. Saje mai cika yana buɗe ta. Ga ƙannenmu mata, kitson da ya bi ta gaban kunne, ko ɗankwali da hijabi a ƙarƙashin matashin, duk haka ne. Mai ƙaramar fuska kuma ya yi hattara da dogayen kofunan nan na Edition XS da Ananda da Arya, don ƙasansu na sauka har muƙamuƙi, kana tauna goro ko kana magana rufin yana buɗewa yana rufewa. Gwajin ba wuya. Kunna sautin gwaji na hats 40 a ƙaramar murya, ka saurara da tabarau, ka cire ka sake saurara. In bambancin ya fito fili, nemi tabarau mai siririn hannu na waya, ko ka ɗan ɗaga hannuwansa su zauna a saman matashin.

A nan dole in ja kunne. Kada ka danna kofunan da ƙarfi a kunnenka don neman rufi, kada kuma ka kwanta a gefe ɗaya da shi a kai. Iskar da ka matse ba ta da inda za ta bi sai ta tura tantanin ya je ya taɓa maganaɗisu. Za ka ji wani ƙaras-ƙaras irin na leda. Sau ɗaya ko biyu ba lallai ya yi lahani ba, amma in ya zama ɗabi'a tantanin na iya sakewa ko layinsa ya tsinke, kuma wannan ba aikin mai gyaran rediyo ba ne, sai dai a canza lasifikar ɗungurungum. Ɗora shi a hankali, cire shi a hankali.

Kayan da aka yi matashin da shi, a garinmu, ba zancen ado ba ne. Fatar roba ta fi riƙe bes, amma tana tara gumi, kuma gishirin gumi da zafi suna sa ta fara ɓarewa tana barin baƙaƙen ɓarɓashi a kumatu. Karammiski yana shan iska, ya fi daɗin zama a bazara, sai dai yana sakin bes kaɗan kuma yana kwasar ƙura. Wanda na fi gamsuwa da shi a nan shi ne haɗin gambiza, fata a kewaye, yadi a fuskar da ke taɓa fatar mutum, irin wanda ke zuwa da Sundara. Fata ta gaske tana daɗewa, amma iskar hunturu na busar da ita har ta tsattsage in ba a kula ba. Goge matashin da ɗan ƙyalle mai laima kaɗan bayan an gama saurare, ban da turare, ban da sinadarin goge hannu mai barasa. Ka kuma duba zurfinsa: in kunnenka na taɓa ragar ciki, ba za ka taɓa sabawa ba, zafin ƙaruwa zai yi yayin da soson ke lotsewa. Ranar da za ka yi oda ka haɗa da matashi na asali guda biyu na ajiya, don kuɗin kawo su daga baya su kaɗai na iya kusan kai kuɗinsu. In za ka canza, canza duka biyu tare. Matashin wani kamfani daban, ko da ya fi laushi, zai canza maka sautin, sau da yawa ba ta inda kake so ba.

Sai ɗakin. Yawancin filana buɗaɗɗen baya ne, sauti na fita kuma na waje na shiga kamar ba ka sa komai ba. Fankar sama, janaretan maƙwabci, kabu-kabu a titi, duk ƙararsu a ƙasa-ƙasa take, daidai inda bes yake, sai ta danne shi. Abin da mutum ke yi ba tare da ya lura ba shi ne ƙara murya. Haɗarin filana kuwa shi ne ba ya kururuwa in an ƙure shi, sautin na nan tas, sai ka wuce gona da iri ba ka sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar babban mutum a disibel 80 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin disibel 3 yana raba lokacin biyu, 83 awa 20, 86 awa 10. In ka cire hedifon ka ji kunne na shuu, ka wuce iyaka, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa ya sani duk abin da yake ji su ma suna ji. In ɗakinka ba ya yin shiru ko da bayan isha'i, buɗaɗɗen filana ba naka ba ne tukuna. Akwai rufaffu, irin Aeon mai rufaffen baya na Dan Clark Audio, amma ka shirya wa gumi.

Batun amfilifaya, na'urar da ke ba hedifon wuta, an cika shi da surutu, alhali lissafi ne kawai. Lambobi biyu za ka duba a bayanan hedifon: om, wato yadda yake turje wa lantarki, da yawan disibel ɗin da yake bayarwa a kan miliwat ɗaya na wuta. Duk ƙarin disibel 3 yana cin ninki biyu na wuta, disibel 10 ninki goma. Ana lissafi da disibel 110, ba don a zauna ana ji a nan ba, sai don bugun ganga na ƙiftawar ido ya samu wurin fita. Sundara om 37 ne, disibel 94, saura 16 ke nan, wato kimanin miliwat 40, bolt 1.2. Ƙaramin dongul, 'yar amfilifayar da ake cusawa a wayar hannu, mai ba da bolt 1 ya kusa amma bai cika ba, shi ya sa za ka ji murya ta isa amma ganga ta yi laushi. Edition XS om 18 ne, kuma mutane na ganin ƙaramin om su ce ai waya ma za ta ja shi. Ba haka ba ne, ƙaramin om ruwan lantarki mai yawa yake zuƙa, a nan ne ƙananan dongul ke gazawa. Susvara na HiFiMan kuwa, mai disibel 83 da om 60, kusan miliwat 500 yake nema, bolt 5 da rabi. Ga mafi yawan filana na matsakaicin kuɗi, amfilifaya mai ba da rabin wat zuwa wat ɗaya a om 32 ta wadatar har da rara. Abin da ya haura wannan gara ka zuba shi a matashi. Waya mai tsada ma haka, ba ta ƙara komai muddin ta asali lafiyarta ƙalau. Abu ɗaya kawai: kada ka sa adafta ka cusa waya mai kan milimita 3.5 ko 6.35 a ramin milimita 4.4 da ake kira balans, wanda kowane kunne ke da wayoyinsa daban, kana iya haɗe ɓangarorin amfilifayar biyu ta ƙone.

Da yake wuta na zuwa tana tafiya, amfilifaya mai batir ko mai shan wuta daga laftof ta fi kwanciyar hankali. In ta bango ce, zare hedifon kafin a juya zuwa janareta. Kullum rage murya zuwa ƙasa, kunna na'urar, sannan ka cusa. In ka ji wani zuu a bayan sauti, zare cajar laftof ka ji ko ya ɗauke, sau da yawa daga can yake, ba daga hedifon ba.

Kada kuma ka sa ran zai gyara abin da aka naɗa da lalacewa. Tsohon kiɗan kotso ko kalangu da aka kwafo daga kaset, aka yi ta turawa ta WhatsApp har ya tsufa, filana zai baje maka shuu ɗin kaset ɗin da duk inda aka matse fayil. Nemi FLAC, irin fayil ɗin da ba a rage masa inganci ba, ko aƙalla MP3 mai 320 kbps. Kowane kamfani kuma da halinsa. Na HiFiMan da yawa suna ɗan janye murya wajen hats 2,000 su ƙara ƙyalli a sama, sai haruffan s da sh na mai karatu su yi kaifi, algaita ta riƙa soka kunne. Tsofaffin LCD na Audeze akasin haka, sun yi duhu wajen hats 3,000 zuwa 4,000. Ikwalaiza, manhajar ɗaga ko rage wani sashe na sauti, na gyara duka, kuma filana na karɓarta da kyau. A Windows akwai Equalizer APO, a Android akwai Wavelet. Ɗaga ƙasa da hats 105 da disibel 4 ko 5, ka rage muryar shiga (preamp) a manhajar da daidai wannan adadi don kada sauti ya fashe, ka tuna ƙarin disibel 5 na cin wuta ninki uku. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, wanda yawancin sauraronsa karatun Alƙur'ani ne da tafsiri, HD 600 zai ba shi muryar mutum yadda take, a nauyin da bai kai rabin na LCD-2 ba.

Ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ita ce babbar abokiyar gaba. Kada ka bar shi a rataye a fili, mayar da shi akwatinsa ko jakar yadi mai zuge, amma ka bari gumin matashin ya bushe tukuna. Maganaɗisunsa na jan garin ƙarfe da allura da ƙananan kusoshi, don haka nesa da teburin ɗinki da wurin gyare-gyare. Kada ka bar shi cikin mota a rana. In gefe ɗaya ya fara zizi a kan bes, galibi silin gashi ne ya kutsa ta raga. Cire matashin, ka duba da fitila, in ka ga bakinsa a waje ka zare shi da yatsa ko hantsakin roba. Ban da na ƙarfe, don maganaɗisu zai fizge shi ya huda tantanin, kuma ban da hurawa da baki ko famfon iska.

Ranar da ya iso, sabo ne ko na hannu, yi gwaji biyu kafin ka sallami mai shi ko wa'adin mayarwa ya cika. Kunna sauti mai hawa daga hats 20 zuwa 200 a matsakaiciyar murya, ka saurari zizi ko karkarwa a kowane gefe. Sannan kunna muryar mutum ɗaya da aka naɗa a mono, wato sauti iri ɗaya a kunnuwa biyu, ta zauna daidai tsakiyar kanka. In ta karkata hagu, juya hedifon ɗin ka sa shi baibai. In har yanzu tana hagu, kunnenka ne. In ta koma dama, canza wayoyin kofunan biyu da juna ka sake ji: in karkatar ta bi waya, waya ce ko amfilifaya, in ta tsaya a kofi ɗaya, lasifikar ce, mayar da shi.