Wasiƙa daga Landan: Shin Nuna Surar Mace Yana Sayar da Haja?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata magana da ta daɗe a bakin masu harkar talla, wadda na ga tana neman samun gindin zama a wurin wasu 'yan kasuwarmu na intanet, cewa babu abin da ke jawo ciniki kamar a nuna surar mace. Da yake Turawa sun riga mu bin wannan hanya da shekaru masu yawa, ya dace ku ji inda ta kai su.

A shekarar 2015 wani kamfanin sayar da garin rage ƙiba mai suna Protein World ya manna hoton wata siririyar budurwa, daga ita sai ɗan kamfai da rigar mama masu ruwan ɗorawa, a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, yana tambayar mata ko jikinsu ya isa a fita da shi bakin teku. Mata suka riƙa rubuta raddi da alƙalami a jikin allunan, mutane fiye da 70,000 suka sa hannu a takardar neman a cire hoton, hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ASA kuma ta karɓi ƙorafi 378. Kamfanin ya bugi ƙirji cewa hayaniyar ta ƙara masa ciniki, amma a 2016 magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya hana manna irin wannan talla mai sa mutane ƙyamar jikinsu a motocin bas da jiragen birnin.

Cinikin da rigima ta kawo na ɗan lokaci ba ya zama hujja, shi ya sa na fi ba binciken masana muhimmanci. A 2015 Robert Lull da Brad Bushman na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka sun tattara gwaje-gwaje 53 da aka yi wa mutum 8,489, suka gano cewa mutane sun fi raina hajar da aka tallata da sha'awa, kuma gwargwadon yadda tsiraicin ya ƙaru, gwargwadon yadda tuna sunan hajar da niyyar sayenta ke raguwa. A 2017 John Wirtz na Jami'ar Illinois da abokan aikinsa suka duba bincike 78, suka tarar cewa ana tuna tallan kansa sosai, amma hakan bai sa an tuna kamfanin ko an yi niyyar saye ba, kuma maza ne ke son irin wannan talla, mata kuwa ba sa so. Dalilin a fili yake: hankalin mai kallo yana da iyaka, idan ya tsaya a kan jiki, sunan sabulun da ke gefe sai ya wuce shi. Inda abin ke ɗan tasiri shi ne a hajar da tun asali take da alaƙa da ado da kwalliya, kamar turare.

Ko a nan ƙasashen Turawa ma an fara ja da baya. Jaridar The Sun ta daina buga hoton mace babu riga a shafinta na uku a 2015, bayan ta shafe sama da shekara 40 tana yi, masu gasar tseren motoci ta Formula 1 kuma suka daina jera 'yan mata a gaban motoci a 2018.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai sayar da atamfa ko turaren wuta da zai biya yarinya ta yi rangwaɗa a TikTok, ya ga dubban masu kallo, ya ɗauka kasuwa ta buɗe. Ya sauka ƙasa ya karanta abin da aka rubuta: kusan duk a kan yarinyar ne, yabo da zagi, da wuya ka ga mai cewa “Nawa ne turmi?” ko “Kuna aikawa Kaduna?” Maza ne suka taru kallo, alhali uwargida ce ke riƙe da kuɗin atamfar, kuma ita ce wannan salon ke kora. Yarinyar kuwa za a sallame ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, bidiyon ya ci gaba da yawo a wayoyin mutane har bayan an daɗe da sayar da kayan.

Wassalam, naku, ɗan'uwanku a Landan.