Darussan da na koya a shekara shida ina koyar da labarin ƙasa

Ƙarshen zangon nan zan ajiye alli a makarantar da nake koyarwa a Gombe, kuma abu ɗaya ne har yau yake ci mini rai.

Shekara uku ina faɗa wa 'yan aji huɗu cewa nisa da rana shi ke sa a iya rayuwa a duniya: tamu tana kusan kilomita miliyan 150 daga rana, shi ya sa tekunanmu ba su ƙafe ba, ba su kuma daskare ba. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi watan da ke sama fa? Ai tare muke da shi, me ya sa babu rai a can?" Na ce ta zauna, lokaci ya ƙure. Gaskiya amsa ce ba ni da ita.

Ita ce kuma ta wakilce mu a gasar kacici-kacici. Aka tambayi duniyar da ta fi zafi, ta ce Makyuri, yadda na rubuta musu a allo. Ashe Zara matar wata ce. Zafinta ya haura digiri 460 a ma'aunin salshiyas, duk da Makyuri ta fi ta kusa da rana, domin iskarta kusan duka kabon dayokzaid ce, nauyinta ya ninka na tamu wajen sau 90. Zafi ya shiga, ba mafita. Mu nan mun san haka a jikinmu: daren da hadari ya rufe sama da gumi muke kwana, daren hunturu da gari ya washe sai da bargo. Wata kuwa ƙanƙanta ta hana shi riƙe iska. Duniyar Mas ma tata iskar ta sirance, sai busassun kwarin koguna suka rage.

Shugaban makaranta ya kira sunana a gaban asambuli, shi da ya ɗora mini darasin alhali ya san lissafi na karanta, kuma sau uku ina rubuta masa takardar neman littattafai. Ban ce uffan ba. Abin da ya fi mini ciwo, yarinyar ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba har ta gama.

Sauran darussan gajeru ne: ka ajiye kwafin duk takardar da ka kai ofis, kada ka karɓi darasin da ba naka ba sai a rubuce.

Wanda zai gaje ni zai tarar da sabon littafin darasi a kabad, na rubuta shi da hannuna bayan wata takwas ina karatu da datar aljihuna. Tambayarta ce a shafin farko.